Kafin Ka Biya Kuɗin Ɗaki a Bariga

Ranar Asabar ɗan yayata ya same ni a shago a Agege, ya miƙo mini waya. Hoton wani ɗakin haya ne a unguwar Bariga a Legas, fenti sabo, tayil a ƙasa, banɗaki a ciki. Ya samu gurbin karatu a Jami'ar Legas da ke Akoka, kuma tuni ya yanke shawarar ba zai nemi gado a hostel, wato ɗakin kwanan ɗalibai, ba. "Kawu, a cusa ni ɗaki ɗaya da ƙabilu? Wallahi ba zan iya ba." Dillalin ma bai taɓa ganinsa ba, a WhatsApp suka haɗu, har ya ce sai an tura kuɗin duba ɗaki. Na yi shiru, don maganar da na faɗa wa mahaifina ce, sak, shekaru sama da ashirin da suka wuce.

Ni a shekarata ta farko a wannan jami'ar ko takardar neman gado ban cike ba. Na tare a wurin Baffana, dilan albasa a kasuwar Mile 12. Kuma har gobe ban ce hujjata banza ba ce: tuwo kyauta, masallaci a bakin ƙofa, Hausa ta ko'ina kamar kana Kano. Wane yaro ne zai bar wannan ya tafi cikin baƙi? Abin da ban lissafa ba shi ne hanya. A lokacin babu BRT, manyan bas ɗin nan masu layinsu daban a titi, sai 2008 aka fara ta daga Mile 12 zuwa CMS. Da an sallame asuba nake fita in yi kokawar shiga motocin haya, danfo ko molue, Ketu, Ojota, Maryland, gosulo ya riƙe mu har Yaba, sannan in sake hawa wata motar zuwa Akoka. Laccar ƙarfe takwas, ni tara da rabi nake shiga, riga ta jiƙe sharkaf. Da dare kuma manyan motoci su iso daga Arewa, Baffa ya ƙwala kira, "Ina ɗan boko? Zo ka rubuta mana." Wa zai ce wa mai ciyar da shi a'a? Littattafaina har warin albasa suke. Darussa biyu na faɗi a shekarar.

Maimakon in yi hankali, sai na yi zuciya. Na matsa wa tsoho ya sayar da shanu biyu, na kai wa wani dillali kuɗin don in kama ɗaki. Kuɗin shekara biyu suka karɓa a dunƙule, ga la'ada, ga kuɗin takardar yarjejeniya. Sai a 2011 jihar Legas ta yi dokar haya da ta hana a karɓi fiye da shekara ɗaya daga sabon ɗan haya a yawancin unguwanni. Da rani na ga ɗakin. Akwai wani layi ruwan ƙasa da ya zagaye bangon daidai gwiwata, na ɗauka datti ne, har na ce zan wanke. Ruwan watan Yuni ne ya fassara mini shi. Cikin dare na farka na ji katifa tana tsotsar ruwa, takalmina yana yawo a tsakar ɗaki, takardun zango guda sun zama kunu. Dillali kuwa ya ce ai Allah ne ke saukar da ruwa.

Amma ba wannan ne ya fi ci mini rai ba. Daga kwana a damshi zazzaɓi ya kwantar da ni ana tsakiyar jarrabawa. Kemis na je, aka haɗa mini ƙwayoyi a leda. Asibitin makaranta yana nan, kuɗinsa yana cikin abin da na biya, amma ban taɓa zuwa na buɗe kati ba. Da na warke wani abokin ajinmu Bayarabe ya tambaye ni takardar likita, wai da ita ake rubuta uzuri. Ba ni da ita. Shekara guda ta tafi a kan ƙaramar takarda. Ofishin kula da harkokin ɗalibai kuwa kullum ta gabansa nake wucewa, na ɗauka wurin hukunta masu laifi ne. Wani lokaci ina cewa ai babu wanda ya faɗa mini. Gaskiya an faɗa, a makon tarbar sababbin ɗalibai, ni ne ina Mile 12 ina ƙirga buhuna. Sai dai kuma Turancina a lokacin kunya yake ba ni, wanda bai taɓa jin haka ba ba zai gane ba.

Abin dariya, su ƙabilun da nake gudu, da yawansu Musulmi ne. Ƙungiyar ɗalibai Musulmi ta MSSN ma a Legas aka kafa ta a 1954. Cikin ɗakunan kwanan jami'ar akwai mai sunan El-Kanemi, da Makama Bida, da Sarauniya Amina. Ni kaɗai na mai da kaina baƙo.

Na zauna da niyyar jero wa yaron nasiha goma, ban samu ko rabi ba. Ranar da aka buɗe shafin neman gado ka cike, don gadajen ba sa isa, jinkirin yini ɗaya ya ishe ka asara. Ku da kuke kwana a kan waya kuna kallon raye-raye, wannan kaɗai ne zai gagare ku? In ba ka samu ba, kada sisinka ya fita sai ka taka ɗakin da ƙafarka, ka duba gindin bango, ka tambayi mai sayar da burodi a layin yadda unguwar take da damina, ka karɓi rasit. Ka buɗe katin asibiti tun kana da lafiya. In kuɗi ne matsala akwai bashin karatu na NELFUND tun 2024, ka je ka tambaya, tambaya ba bara ba ce. Mu da ba mu da shi ba mu mutu ba, amma ku har cike fom sai an roƙe ku.

Kada ka zauna gidan dangi mai nisa, ko ni ne. Ko da yake kuma, ranar da ruwa ya kore ni, Baffan nan ne ya shimfiɗa mini tabarma, kuma lissafin da ya koya mini da shi nake cin abinci yau, ba da takardar digiri ba. To ka zo duk Juma'a ka ci tuwo, amma ka koma kafin magariba. Ko ka kwana, in hanya ta cushe.

Da na gama ya ɗago kai daga waya ya ce, "Kawu, ai zamani ya canza." Na karɓe wayar na buɗe hoton, na ja shi da yatsa har gindin bango. Fentin ƙasan ya fi na saman haske. Na ce masa ya gaya wa dillalin za mu zo mu biyu, ranar da aka kwana ana ruwa.