Ɗigo uku na humra a kan farin leshi

Rigar amaryar wani gidan sarauta a Tawa ta ci mini sati bakwai a shagona nan Yamai, sai ga ɗigo uku na humra sun kusa kashe ta cikin minti ɗaya.

Hoton rigar auren Kate Middleton, matar Yarima William na Ingila, ta 2011 amarya ta turo: farin leshi, dogon hannu, jela na jan ƙasa. Jelar Kate mita 2.7 ce. Na ce mita ɗaya da rabi ya ishe mu, tunda tsakar gidan rairayi ne da tabarmi, ba daɓen cocin Westminster inda aka ɗaura auren Kate ba. Wuyan ma na ɗaga shi, don za a ɗora alkyabba a kai gaban iyaye. Leshi mita takwas, satin na ciki mita shida. Ban ninke ta ba, naɗe ta na yi a kan bututun kwali cikin farin zane, don hanyar Dosso, Dogonduci da Ƙonni ta haura kilomita 500, kuma na tuna yadda rigar auren Gimbiya Diana ta Ingila ta yamutse cikin keken doki a 1981.

Duk wannan lissafin na yi, amma ban ce wa kowa uffan a kan turare ba.

Daren gwaji, amarya ta shiga riga, ina tsugune ina daidaita gindin jela. Gwaggonta ta shigo da kwalba, ta girgiza, ta shafa mata a wuya da kafaɗa kamar yadda ake yi wa kowace amarya. "Ranki ya daɗe, a dakata!" Ina, bakin alƙalami ya riga ya bushe. Humra mai ce da launi a haɗe. A shadda mai duhu ba a ganinta, a farin leshi kuwa tana bin zare tana faɗi, kowane ɗigo ya kai girman dala biyar.

Nan take ƙawaye suka fara kawo shawara: a murza da sabulu, a sa jabel (ruwan bilic), a yi guga. Murzawa na tura man cikin satin, jabel na iya mai da farin zare rawaya, zafin guga kuma na kafa tabon har abada. Hoda na barbaɗa da yawa, na bar ta awa biyu, na kakkaɓe da buroshi mai laushi. Man ya fita, launin ya zauna.

Ragowar leshin da na jefa cikin jaka ne ya fisshe ni. Na yanko furanni goma sha huɗu da ƙaramin almakashi, na ɗora su ɗaya bayan ɗaya da ɗinkin hannu, bakwai a kan tabon, bakwai a ɗaya kafaɗar don kada ido ya gane. Sai kiran assalatu na cire allura.

Yanzu tsari nake ba jakadiya a rubuce. Lalle kwana biyu kafin a taɓa riga. Humra a fata kawai, a jira rabin awa. Riga kada ta kwana ɗakin da kasko ke ci, hayaƙin turaren wuta ma na dusashe fari. Zinariya ce ƙarshe, bayan mayafi, don ƙugiyar sarƙa da 'yan kunne na figar leshi. Furen da amarya ke riƙewa kuma daure biyu ake tahowa da shi cikin kular ƙanƙara, a yanke gindin a karkace, kada ya taɓa ƙanƙara, na biyun a fito da shi lokacin hoto, don zafin Tawa a watan Afrilu ya wuce digiri 40.

Masu ɗinkin leshin Kate duk rabin awa suka riƙa wanke hannu. Da na ji haka dariya na yi, na ce tsirfar Turawa. Ni da na bar kwalbar mai ta iso kafaɗar amarya!

Tukuicin da gwaggon ta aiko mini bayan biki kuwa, kwalbar humra ce.