Tarihin Rayuwata, Kashi na 14: Bishiyar Saman Gangare

Makon jiya na tsaya a inda Baba, maigidana da ya koya mini aikin kula da bishiyoyin gida, ya fara barina in hau da igiya ni kaɗai. Na so in ɗora daga nan, amma maganar wani mutum mai gida a saman gangare ta tsaya mini a rai, sai na sauke ta tukuna.

Wanda bai yi aiki a ƙasar tsaunuka ba yana ɗauka bishiya ko'ina ɗaya ce. A kan dutse ƙasa ba ta da zurfi, wani wurin ka haƙa kamu biyu ka tarar da fa. Dama ko a fili yawancin saiwoyi ba sa wuce santimita 60 na saman ƙasa, gefe suke bazuwa har su zarce inda inuwar rassa ta tsaya. To a gangare, saiwoyin ɓangaren sama su ke riƙe da bishiya kamar igiyar rumfa, ga iska mai biyo kwari tana dukanta dare da rana.

Mutumin ya kira mu ne saboda rassa sun sauko kan rufinsa. So yake a fille kan bishiyar gaba ɗaya a huta. Baba ya zagaya gindinta yana ƙwanƙwasawa da gudumar katako, kunnensa a jikin ɓawo, yana neman amon kogo. Bai ji ba. Ya ce, "Ranka ya daɗe, lafiyarta ƙalau. A rage mata nauyi kawai. Bishiya ba ta mantuwa, abin da ka yi mata bana bayan shekaru za ta ba ka amsa."

Ni na hau. Kowane babban reshe yanka uku na yi masa yadda aka koya mini: na fara tsaga shi ta ƙasa don kada ya yage ɓawo in zai faɗi, na sare ta sama can gaba kaɗan nauyin ya tafi da igiya, sannan na cire guntun daidai bakin kumburin nan da ke inda reshe ya haɗu da uwa, ban taɓa kumburin ba. Ganyen da muka cire bai kai kashi ɗaya cikin huɗu ba, Baba ba ya yarda a wuce haka a shekara guda. Da na sauko mai gidan ya kawo baƙin mai a shafe wuraren. Baba ya ƙi, aka rabu ran mutumin a ɓace.

Sai da na girma a sana'ar, Baba ya riga ya rasu, Allah Ya jiƙansa, na san akwai wani masani a hukumar gandun dajin Amurka, Alex Shigo, wanda ya tsaga dubban bishiyoyi da zarto yana duba cikinsu. A 1977 ya fito da bayanin cewa bishiya ba ta warkar da rauni yadda fatar mutum ke yi, killace wurin take yi ta hana ruɓa yaɗuwa, ta ci gaba da ɗora sabon itace a kai. Ya kuma nuna fenti ko kwalta ba sa hana ruɓewa, kuma yanke kumburin gindin reshe buɗe wa ruɓa ƙofa ne. Baba bai taɓa jin sunansa ba, amma abin da hannunsa ke yi ke nan tun ina yaro. Ranar da na karanta na yi hawaye.

Mu koma kan mutumin. Bayan tafiyarmu ya sa magina suka ja katanga ta ɓangaren sama, dab da gindin, suka datse duk saiwar da ta tare musu hanya. Daga baya ya samo masu injin da suka fille kan bishiyar yadda yake so. Sabon tohon da ke fitowa bayan irin wannan aika-aika dogo ne, mai saurin girma, amma a fatar itacen kawai yake manne, ruwa kuma na shiga ta saman da aka bari a buɗe. A tsakanin nan na yi aure, aka haifi babbar 'yata, muka sauya gida, duk ba su nake son faɗa yau ba.

Wata shekara ruwa ya yi yawa, ƙasa ta jiƙe sharkaf, iska ta taso da dare, bishiyar ta kife gaba ɗayanta kan ɗakin ajiye motarsa. Allah Ya kiyaye ba a rasa rai ba. Sai ga shi yana bin maƙwabta yana cewa yankan da yaron Baba ya yi ne ya kashe ta.

Na je da ƙafata na duba. Saiwoyin na sama suna nan a waje, bakinsu sumul inda zarto ya bi, sun yi laushi har yatsa na nutsewa, naman kaza ya fito a gindin. Wuraren da na yanka kuwa duk sun rufe, sabon itace ya zagaye su ruf. Na nuna masa. Na ce, "Ranka ya daɗe, Baba ya gaya maka bishiya ba ta mantuwa. Ga aikina, ga na maginanka." Ya juya ya shige gida.

Gidajen layin da dama sun daina kirana saboda maganarsa, a lokacin da nake da jaririya a hannu. Har yau bai ce mini in yi haƙuri ba, kuma abin da ya fi yi mini ciwo shi ne sunan Baba da ya ɓata alhali yana kabari. Na yafe abin da ya shafe ni, na Baba kuwa ba ni da ikon yafewa.

Mako mai zuwa in Allah Ya kai mu zan koma kan hawana na farko.