Yadda na canza gaskit ɗin manifol a injin motata

Ƙarar ce ta fara nuna mini akwai matsala. Duk safiya in na tayar da injin sai in ji tsit-tsit-tsit daga gefensa, ina taka totur tana ƙara sauri, amma da zarar injin ya ɗauki zafi sai ta lafa. Wannan lafawar ita ce babbar alama. Ƙarfe yana buɗewa in ya ji zafi, sai ya toshe ɗan gurbin da hayaƙin ke bi, in ya huce gurbin ya dawo. Da na buɗe bonet na haska tocila a mahaɗar kan injin da manifol, wato ƙarfen da ke tattara hayaƙin injin ya miƙa shi ga bututun salansa, sai ga baƙin hayaƙi ya yi zane a bakin silinda ta ƙarshe. Alamar gaskit, wato fallen da ke toshe tsakaninsu, ya ƙone ke nan.

Mutane da yawa suna barin wannan matsala ta daɗe, tunda mota tana tafiya. Ni ban yarda da haka ba. Hayaƙin da ke fita a nan ƙarƙashin bonet yake taruwa, kuma yana iya bin hanyar iska ya shigo wa na cikin mota. A cikinsa akwai iskar kabon monoksaid, wadda ba ta da wari ba ta da launi, tana sa ciwon kai da jiri, in ta yi yawa ta kashe mutum. Ga kuma shan mai. Gurbin yana zuƙo iskar waje, sansa, wato na'urar da ke gaba mai auna iskar oksijin a cikin hayaƙi, ta ɗauka mai ya yi ƙaranci, ƙwaƙwalwar motar ta ƙara turo fetur.

Canza gaskit ɗin kansa ba shi da wuya. Wahalar tana wajen notuna. Wurin yana ɗaukar zafin da ke haura digiri 600, ya huce, ya sake ɗauka, shekara da shekaru, har noti da kusar da yake kai su zama kamar an yi musu walda. Shi ya sa tun da daddare na fesa musu man sassauta tsatsa, da safe na ƙara. Na bar injin ya huce sarai, na cire wayar batir ta nagatif, na kwance murfin ƙarfen da ke tare zafi, na zare fulogin sansa don kada wayarta ta tsinke.

Soket mai kusurwa shida na sa, domin mai kusurwa goma sha biyu yana saurin cinye kan noti mai tsatsa. In noti ya ƙi motsi ba na danna masa ƙarfi. Nakan ɗan ƙara ɗaure shi kaɗan, in dawo da shi baya, in fesa mai, in koma kan wani kafin ya jiƙa. Haƙurin nan shi ne rabin aikin, don in kusa ta karye a cikin kan injin, aikin yini ya koma na huda ƙarfe da sake yanka zare, wani lokaci ma sai an sauke kan injin gaba ɗaya. Biyu daga cikin kusoshin sun fito tare da notunansu, wanda ba matsala ba ce, sai dai na ga wuyansu ya sirance, na sa sababbi.

Da manifol ya fita, tsohon gaskit ya nuna inda ya ƙone. Kafin in taɓa komai na cusa tsumma mai tsabta a kowane ramin hayaƙi na kan injin don kada datti ya faɗa kan bawul. Kan injina na alminiyam ne, yana da laushi, don haka da makankari na roba na goge shi. Ƙarfe mai kaifi zai bar zane, hayaƙi kuwa ɗan zane ya ishe shi hanya.

A nan ne na fi daɗewa, kuma a ganina nan ne ake raba aikin da zai daɗe da wanda za a sake bayan wata kaɗan. Gaskit ba ya ƙonewa haka kawai. Ko noti ya saki, ko fuskar manifol ta lanƙwashe, ko manifol ɗin ya tsage. Na ɗora miƙaƙƙiyar rula ta ƙarfe a fuskarsa, a tsaye da kuma a karkace, ina zura siraran ƙarafunan auna tazara a ƙarƙashinta. Gefen da ya yi yoyon ya ɗan ɗaga. Na kai aka daidaita fuskar a injin gogewa. Da na ɗora sabon gaskit a kan lanƙwasasshiyar fuska, da shi ma ƙonewa zai yi a daidai wurin.

Sabon na ƙarfe ne mai falle-falle, kuma a bushe ake sa shi. Ban shafa masa gam ba, domin gam ɗin silikon na yau da kullum ba ya jure wannan zafin. Zaren kusoshin kawai na shafa wa ɗan giris na tagulla, saboda wanda zai kwance nan gaba. Na cire tsummokaran, na ƙirga su sun cika, na mayar da manifol, na kama kowane noti da hannu tukuna. Ɗaurin daga tsakiya ake farawa a nufi gefuna, ana tsallakawa sama da ƙasa, a zagaye biyu ko uku, da sifana mai auna ƙarfin ɗauri bisa adadin da littafin motar ya bayar. Wanda ya fara daga gefe ya ɗaure tamau, shi da hannunsa zai lanƙwasa fuskar.

Na tayar da injin a waje inda iska ke kaɗawa, yana silo ba wata ƙara. Na bar shi ya yi zafi ya huce, na sake bin notunan da sifana, ɗaya ya ɗan karɓi ƙari. Daga nan na ɗaga motar a jak na leƙa ƙarƙashinta, sai na tarar robar da ke rataye bututun salansa ta tsinke, nauyin bututun duk yana kan manifol, yana jijjiga shi a kowane rami na hanya. Ita ma na canza ta kafin in sauke motar daga jak.