Shawara ga Ƙannena Masu Shirin Zama a Ƙananan Garuruwan Wales

Ƙannena da ke samun gurbin karatu ko aikin jinya a arewacin Wales, ɗaya daga cikin ƙasashen da suka haɗu suka zama Birtaniya, sukan tambaye ni ko ya dace su kama haya a ƙananan garuruwan da ke kewaye da birnin Bangor. Amsata ita ce su kama, amma su sani cewa shirun da za su tarar ba irin wanda suka saba da shi ba ne, kuma duk wanda ya ɗauke shi a matsayin ƙiyayya zai cuci kansa, kamar yadda na cuci kaina a Bethesda, wani gari da ke kwarin Ogwen, kimanin mil 5 daga Bangor.

A wurinmu mutane ne ke neman baƙo, domin kafin ya gama sauke kaya an kawo masa ruwa an tambayi garinsu. A can kuwa gidaje ne na dutse a jere manne da juna, ƙofofi a rufe, titi babu kowa da zarar duhu ya shiga. Na zauna ina jiran maƙwabta su zo yi mini sannu da zuwa, da na ga shiru sai na yanke hukunci cewa ba sa son baƙo, na ɗaure fuska, na shafe hunturu guda ina wuce su kaina a sunkuye. Ashe a al'adarsu ƙwanƙwasa ƙofar mutum babu dalili takura masa ne, suna jira ne su ga ko ina so a kusance ni. Ranar da na fara gaida dattijuwar da ke maƙwabtaka da ni da "bore da", wato barka da safiya, tsayawa ta yi da jakar cefane a hannu tana tambayata daga ina nake, kuma kafin mako ya zagayo ta kira ni shan shayi. Saboda haka ku ne za ku fara gaisuwa, tun ranar farko.

Kuskurena na biyu ya fi nauyi, wato na riƙa kiransu mutanen Ingila. Mutanen Wales suna da ƙasarsu da majalisarsu a Cardiff da harshensu, wanda ƙidayar 2021 ta nuna kusan kashi 18 cikin ɗari na jama'ar ƙasar suna magana da shi, a gundumar Gwynedd kuma, inda Bangor da Bethesda suke, sun haura kashi 60. A wannan gunduma da shi ake ciniki a kanti, da shi ake koyar da yara a firamare, don haka idan kun shiga wuri kuka ji ana yin sa, kada ku zaci gulmarku ake yi, harshen gidansu ne. Bethesda gari ne na masu fasa dutsen rufin gida a ma'adinar Penrhyn, inda aka yi doguwar takaddamar ma'aikata daga 1900 zuwa 1903, wadda ta raba dangi ta tilasta wa da yawa barin gari. Har yau ana tunawa da ita, kuma baƙon da ya san wannan tarihi, a ganina, ya fi saurin samun shiga.

Akwai kuma lamuran yau da kullum da na raina. Shara ana rarraba ta ne, takarda daban, kwalba da gwangwani daban, ragowar abinci daban, sauran kuma sai bayan mako uku ake kwashewa. Wanda ya cakuɗa ko ya manta ranar fitarwa, a ƙofarsa za ta zauna, kuma maƙwabta suna lura. Na kuma riƙa kashe na'urar ɗumama ɗaki da toshe tagogi don tsimin kuɗi, sai danshi ya kama bango, baƙar funfuna ta ɓata mini tufafi, tari ya addabe ni. Tsofaffin gidajen dutse suna bukatar ɗumi da ɗan shigar iska kowace rana.

A watan Disamba rana tana faɗuwa da misalin ƙarfe huɗu, Azahar da La'asar da Magariba suna zuwa kusa da juna, kuma wannan duhu yana taɓa zuciyar mutum fiye da yadda ake zato, musamman wanda ya kulle kansa. Ku yi rajista da likitan unguwa tun kuna lafiya, ku tambaye shi batun bitamin D. Maganin da likita ya rubuta kyauta ne a Wales tun 2007. Masallacin Juma'a da shagunan naman halal suna Bangor, motocin bas kuma suna raguwa da dare da ranar Lahadi, don haka ku duba jadawalinsu da nisan tasha daga gidan kafin ku sa hannu a takardar haya.