Ɗaki Biyu da Falo a Ƙauyen Satun

Harkar dutse ce ta kawo ni Tailan. Kamar samari da yawa da muka taso tare a Jos, na fara ne da dillancin duwatsu masu daraja irin waɗanda ake haƙowa a tsaunin Mambila, har Allah ya sa na kai ga ɗauko kayana da kaina zuwa Bankok, daga nan in wuce Cantaburi, garin da ake ƙona dutse a gyara launinsa a yanka shi, inda kasuwa ke ci daga Juma'a zuwa Lahadi. A can na haɗu da matata, Musulma ce 'yar lardin Satun, can kudu a bakin iyakar Malesiya. Muna zaman haya har 2020, lokacin da korona ta rufe filayen jiragen sama. Dutse ya daina shigowa, masu saye daga waje suka ɗauke ƙafa, mai gida kuwa ba ruwansa, wata na ƙarewa sai kuɗinsa. Surukina ne ya kira ni a waya ya ce, "Ɗana, kuɗin da kake zuba wa mai haya a shekara uku ya isa ya ɗora maka rufi a nan. Ku dawo gida."

Muka tattara muka koma ƙauyensu, muka sauka a ɗakin da matata ta tashi a ciki. Satun gari ne na Musulmi, su ne mafi yawa, akwai masallaci kusan kowane ƙauye, kuma rikicin da ake ji a Pattani da Yala da Naratiwat bai shafe shi ba. Samun liman da nama mai halal bai taɓa zama mini damuwa ba. Damuwata ita ce ta kowane Bahaushe da ya kwana a gidan surukai: ina son ƙofar da zan rufe in ce tawa ce.

A nan na ci karo da dokar ƙasa. Dokar filaye ta Tailan, wadda aka kafa tun 1954, ta hana baƙo mallakar fili. Ko ka shekara 30 a ƙasar, ko ka auri 'yar gari kun haifi 'ya'ya, sunanka ba zai hau takardar fili ba. Akwai wata ƙofa da aka bar wa wanda ya zuba jarin bat (kuɗin Tailan) miliyan 40, amma wannan ba zancen irina ba ne. Kawun matata ya yarda ya yanka mana ngan ɗaya daga gonarsa, wato murabba'in mita 400, ɗan ƙasa kaɗan da fulotin 50 da 100 da muka sani a gida. Ranar da muka je ofishin filaye a yi canjin suna, ma'aikaciyar ta turo mini wata takarda ta ce in sa hannu. Abin da ke cikinta shi ne na amince cewa kuɗin da aka sayi filin dukiyar matata ce ita kaɗai, ni ba ni da haƙƙi a ciki. Tun 1999 ake sa duk baƙon da ya auri 'yar ƙasa wannan sa hannun.

Takardar ta yi mini nauyi ƙwarai, ba zan ɓoye ba. Guminka ne na shekaru, ka kawo shi da hannunka, a ce ka rubuta cewa ba naka ba ne. Ga kuma maganar mutanen gida da na san za ta biyo baya, cewa wane ya tare a gidan mata. Abin da ya kwantar mini da hankali shi ne da na duba lamarin ta fuskar addini. Musulunci bai hana miji ya yi wa matarsa kyautar fili ba, kuma abin da ka ba ta ya zama nata, ko a Jos ne ko a Satun. Sai na ƙudurta a raina cewa kyauta na yi, na yi ta da zuciya ɗaya. Wanda ya sa hannu alhali a ransa yana cewa filin nasa ne, ajiya kawai ya bayar, to ya shirya wa kansa da matarsa rigimar da kotu ba za ta saurare shi a kai ba. 'Ya'yanmu 'yan ƙasa ne ta wajen uwarsu, su doka ta ba su damar mallaka. Satun kuma na cikin larduna huɗu na kudu da dokar 1946 ta yarda a raba gadon Musulmi bisa shari'a, akwai alƙalin Musulunci da ke zama a kotun lardi saboda haka. Sai dai ko gado ya faɗo wa baƙo, ba a barinsa ya riƙe filin, ana ba shi wa'adin da bai wuce shekara ba ya sayar.

Duk da haka ban tsaya hannu rabbana ba. Doka ta yarda a rubuta wa baƙo haƙƙin zama da cin moriyar fili har iya rayuwarsa, a buga a bayan takardar mallaka. Matata ce ma ta nace a yi, ta ce ba ta san wanda zai riga wani ba, kuma ba ta son ranar da wani daga danginta zai nuna mini hanya. Kuɗin rajistar bai kai na cin abincin rana ba. Wasu suna bin hanyar haya, wadda iyakarta shekara 30 ce. Masu dillanci za su ce maka ana sabuntawa sau biyu ta kai 90. Kada ka gina gida a kan wannan maganar, doka 30 ta sani.

Wanda zai sayi fili a ƙauyen Tailan ya fara tambayar irin takardar kafin ya tambayi farashi. Wadda ake kira canot ita ce cikakkiya, an auna filin an kafa duwatsun siminti masu lamba a kusurwoyinsa. Akwai masu ƙarancin ƙarfi da ake iya saye da sayarwa da su. Akwai kuma filin da gwamnati ta raba wa manoma don noma, wanda doka ta hana sayar da shi gaba ɗaya, da wanda ba shi da komai sai rasit na biyan haraji. Waɗannan biyun su ne masu arha, su ake fara nuna wa baƙon da aka ga yana lissafin aljihunsa. Mun jira masu awo na gwamnati wata da watanni kafin a yanke mana namu canot ɗin daga na kawu, kuma ban yarda an sauke ko tifa ɗaya ta yashi ba sai da ta fito.

Lissafin kuɗin ma yana da wani tarko da ɗan ƙasa bai san da shi ba. Mai zama da bizar aure dole ne duk shekara ya nuna bat 400,000 a asusunsa na banki, sun kwana aƙalla wata 2 kafin ranar sabuntawa, ko kuma ya nuna yana samun 40,000 a wata. Kuɗin suna nan da sunanka kana kallonsu, amma in ka taɓa su ka sayi rodi, zamanka a ƙasar ne ka taɓa. Da na cire su gefe, abin da ya rage mini bai wuce bat 700,000 ba, kimanin dala 20,000. Wannan adadin ne ya zana gidan: mita 8 da mita 9, ɗaki biyu, falo, banɗaki ɗaya a ciki, madafa a baya. Taswirar ma ban biya ba. Gwamnati na da taswirorin ƙananan gidaje da take bayarwa kyauta, injiniya ya riga ya duba su, muka ɗauki ɗaya a ofishin ƙaramar hukuma, a nan kuma aka ba mu izinin gini.

Da ɗan gari akan ci gari. Ni na zo da ginin Jos a kaina: a haƙa harsashi, a jera bulo mai inci 9 har linta, sannan a kira kafinta. Maginin da surukina ya kawo, dattijo ne da kowa ke ce wa Bang, ya saurare ni har na gama, sannan ya ja ni ya nuna mini alamar ruwa a jikin wata bishiyar kwakwa da ke gefen filin. Ruwan da ake yi a Satun ya fi ninkin na Kano, damina tana farawa wajen Mayu ta kai har Nuwamba. Ya ce kafin komai sai an yi ciko, filin ya ɗara titi tsawo, a bar damina guda ta daka shi ya zauna. Na so in yi gardama saboda gaggawar fita daga gidan surukai, amma na ga gidan wani maƙwabci da ya yi gini a kan ɗanyen ciko, daɓensa ya tsage daga ƙofa har bango. Muka zuba jar ƙasa, muka jira.

Gininsu ginshiƙi ne ke ɗaukarsa, ba bango ba. Ana haƙa rami a kowace mahaɗa, a zuba kankare da rodi, a tayar da ginshiƙai, a ɗaure su da juna ta ƙasa da ta sama, sai a ɗora rufi tun babu bango ko ɗaya. Bayan nan ne ake cike tsakani da siririn bulo wanda kaurinsa bai wuce santimita 7 ba. Da farko na raina bulon, sai na lissafa simintin da ya rage mini, na kuma ga yadda ma'aikata ke ci gaba da aiki a inuwar rufi ko ana ruwa. Katako ba a maganarsa. Tun 1989 gwamnati ta hana sare dazuzzuka, bayan ambaliyar da ta halaka ƙauyuka a kudu a ƙarshen 1988, don haka ya yi tsada, ga gara da ba ta barin ko ƙyauren ƙofa. Ƙarfe muka yi wa rufin, aka yi masa walda aka shafe da fentin hana tsatsa. A wuri biyu na ƙi yin rowa: kwano mai shimfiɗar hana zafi a ƙarƙashinsa, da bakin rufi mai faɗi da ya fito fiye da mita ɗaya ta kowane gefe, don kada ruwa ya riƙa dukan bango. A tayil da fenti da ƙofofi kuwa na ɗauki mafi arha da na samu a shagunan kayan gini na Global House da Thai Watsadu, wani lokaci ragowar kaya da aka karya wa farashi.

Jinga muka yi da Bang, kuɗin aiki kawai, kaya ni ke saye. An raba biyan gida-gida: in an gama ginshiƙai, in an ɗora rufi, in an gama shafe, sai na ƙarshe bayan an miƙa makulli. Kafin alƙalami kaɗan na bayar. Lokacin ma shi ya zaɓa mana. Leburorinsa duk masu tsagar roba ne, suna fita gona tun tsakar dare da fitila a goshi, in sun zo wurin gini da hantsi a gajiye suke. Amma daga wajen Fabrairu itatuwan roba suna zubar da ganye, a dakatar da tsaga, ruwa ma ya ɗauke. A wannan tsakanin aka yi mafi yawan aikin. Ranar Juma'a ba a aiki. Ni kuwa nawa ido ne da kawo ƙanƙara da shayi, domin baƙo ba ya aiki a Tailan sai da takardar izini, kuma dagacin ƙauyen da kansa ya ja ni gefe ya ce kada a gan ni da cebur, ko da a filin matata ne.

Inda muka daɗe muna ja da matata shi ne katanga. A ƙauyensu ba wanda ke kewaye gidansa. Maƙwabciya tana ratsowa ta bayan madafarka ta tsinki ganyen miya ta wuce tana gaishe ka, yara suna shiga ko'ina. Ni kuma ban san gida ba zaure ba tsakar gida ba, inda mace za ta cire mayafi ta sha iska. Ta ce in na tayar da katanga mai tsawo, mutane za su ɗauka na zo ne in raba ta da danginta, kuma gaskiya ta faɗa. Kuɗin katangar ma ya kusa na ɗaki guda. Muka tsaya a kan baranda mai faɗi a gaba da dakali, nan nake karɓar baƙi maza, sai ɗan wuri a baya tsakanin madafa da tankin ruwa da muka kare da gajeren bango da shukar ayaba. Gaban gida a buɗe yake kamar na kowa. Alƙibla a nan yamma take, don haka liman ya zo da kansa ya tsaya a filin ya nuna wa Bang yadda za a juya masai.

Banɗakin ne ma aka fara gamawa, saboda sai da shi hukuma ke ba gida lamba, sai da lamba kuma kamfanin wuta ke cire mitar wucin gadi mai tsada ya sa ta dindindin. Sokawe zoben siminti ne da ake sayarwa a shirye, a jera su cikin rami. Ruwan famfon ƙauye yana zuwa da laka a damina, shi ya sa muka sa indararo ya riƙa tara na sama a tanki.

Ranar tarewa matan unguwa suka kwana suna girki, aka yanka akuya, liman da mutanen masallaci suka zauna a falon da ko kujera babu aka yi addu'a. Na yi musu tuwon shinkafa da miyar kuɓewa da hannuna, suka ci suna tambayar me ya sa ba a zuba madarar kwakwa ba. Littafin rajistar gida mai shuɗin bango ya fito da sunan matata da na yara. Nawa daban ne, mai ruwan ɗorawa, irin wanda ake ba baƙi, sai da dagaci ya raka ni ofishin gunduma ya tsaya mini shaida kafin a ba ni. Har yanzu duk kwana 90 ina kai rahoton inda nake zaune ga hukumar shige da fice, sai dai adireshin da nake rubutawa ya zama na gidan da na san abin da ke ƙarƙashin kowane ginshiƙinsa.

Bangon baya bai samu fenti ba tukuna, silin ɗin ɗakin yara ma sai bara aka sa. Bang ya bar mana rodi a leƙe ta gefen kudu, an rufe su da roba don tsatsa, saboda ɗaki na uku. Kasuwar Cantaburi ta farfaɗo, ina hawa motar dare ta Hat Yai in je in dawo, kuma mun yi da matata cewa daga kowace riba za a ware kuɗin buhun siminti 10 har su isa.