Asabar: ajin kitso da safe, zagayen gari da yamma

An buɗe ajin koyon kitson da ƙarfe tara, kuma awa guda cur ta wuce ba wadda ta kitsa ko sili ɗaya. Tsaga kawai aka yi ta yi. A gaban kowa akwai kan roba na koyo da aka ɗaure a bakin tebur, da kibiya, da mataji mai manyan haƙora, da kilif shida na riƙe gashi, da kwalbar fesa ruwa, da ɗan mai. Wasu sun fara ƙosawa, amma ni a ganina malamar ta yi daidai, don yawancin kitson da ake cewa bai yi kyau ba, tun daga tsaga ya karkace.

Ga yadda ta tsara abin. A fara raba kai huɗu: layi ɗaya daga saitin karan hanci zuwa tsakiyar ƙeya, ɗaya kuma daga saman kunne zuwa saman kunne. Daga layin tsakiyar nan ake auna sauran. Idan zane takwas ko goma za a yi, duk su tafi baya, amma dole faɗin kowanne ya riƙa tsukewa yana gangarawa, domin ƙeya ba ta kai goshi faɗi ba. Mai koyo takan manta da wannan, sai ta ja layukan tsakiya da faɗi ɗaya har ƙasa, idan ta zo na gefen kunne ta tarar ba sauran wurin da za su sauka. A nan ake samun zane biyu sun cunkushe a bayan kunne. Kibiya kuma ja ɗaya ake yi mata, bakinta na taɓa fata, ba a ɗagawa a tsakiya. Duk inda aka ɗaga, a nan layin zai karye.

Kafin a kama kitso, gashi ya zama wankakke tun jiya, an taje shi daga baki ana hawa zuwa tushe. Danshi kaɗan ake so, ba jiƙewa ba. Jiƙaƙƙen gashi ya fi miƙewa kuma ya fi saurin tsinkewa, idan aka kitse shi a haka, yana bushewa zai koma ya ƙara ɗaurewa a kan fata, cikinsa kuma ya kwana bai sha iska ba ya yi wari. Mai ma kada a labta. Idan ya yi yawa yatsu na santsi, mai kitson ta ƙara damƙa ba ta sani ba.

Sai aikin hannun kansa. A ɗebi ɗan gashi a bakin layi a raba shi uku. Na dama ya bi ta ƙarƙashin na tsakiya, na hagu shi ma ya bi ta ƙarƙashi. Bi ta ƙarƙashin nan shi ke sa zane ya hau sama ya fito raɗau. Idan aka bi ta sama, ciki yake nutsewa. Bayan juyi biyu ko uku na farko, kowane juyi ɗan ali ya ɗebo gashi kaɗan daga cikin layin ya haɗa da kashin da ke tsakiya. Kaɗan ɗin nan shi ne wuyar. Na zagaya na duba kawunan da ke kusa da ni, matsalolin dai ba su wuce waɗanda aka saba ba. Wadda zanenta ya yi tudu-tudu, ɗibarta ce ba daidai ba, yanzu da yawa anjima kaɗan. Wadda nata ya yi sako-sako yana lilo, hannunta ne ya yi nisa da kai. Bayan yatsu ya kamata ya riƙa gogar fata har a kai ƙeya. Wadda nata ya jingina da tsaga ɗaya ya bar ɗayar, tana ɗibar gefe ɗaya fiye da ɗaya, kuma sau da yawa tsayuwarta ce ta jawo: mai kitso ta tsaya saitin layin da take yi, ta juya kan maimakon ta karkace jikinta. Akwai kuma cukurkuɗewar ƙasa, wadda ke faruwa idan ba a zare yatsu har bakin gashi a kowane juyi. Sama na kitsuwa, ƙasa ma na kitsa kansa, kafin a ankara an yi ƙulli. Idan an zo jela kashi ɗaya ya sirance kafin 'yan'uwansa, a ciro kaɗan daga mai kauri a ƙara masa, kada a ci gaba a haka jelar ta murɗe.

Wata daga baya ta ɗaga hannu ta ce, "Malama, ai idan ba a ja ba kitso ba ya daɗewa." Malamar ta ce, "'Yar'uwa, zo ki taɓa wannan." Ta sa ta tura bakin kibiya ƙarƙashin zanen da ta yi. Ya shiga ba gardama, zanen kuma bai motsa ba. Abin da ke riƙe zane shi ne ƙananan ɗiba a jere kusa da kusa. Ja ba ya ƙara masa kwana, fata kawai yake ɗagawa.

A nan aka daɗe, kuma ya cancanta. Kan roba ba ya cewa wayyo, shi ya sa masu koyo da shi ke fitowa da zafin hannu. Alamomin kitson da ya matse ba ɓoyayyu ba ne: fata ta tattare a gefen tsaga, ƙananan ƙuraje farare ko ja a bakin goshi da ƙeya, ciwon kai, kasa ɗaga gira ko kwantar da kai a filo. Wanda ya kai haka maganinsa tsifa ce, a ranar. Shan maganin ciwon kai a jira ya saki ba ya hana ɓarnar da ake yi wa tushen gashi. Likitocin fata sun san irin wannan zubewar gashi da ja ke kawowa, wadda ke cinye gaban kai da saman kunne. Da farko idan aka daina ja gashin na dawowa, amma idan aka shekara da shekaru ana maimaitawa, tushen na mutuwa, wurin ya zama tabo, babu man da zai tsiro da shi. Ko mai dawowar ma ba da sauri ba, tunda gashi kusan santimita 1 yake ƙaruwa a wata. Saboda haka siraran gashin bakin goshi a bar su a waje, juyi uku na farko a yi su da sassauci, kuma kada a riƙa tsaga wuri ɗaya kullum.

Ga masu ƙara gashin doki, an nuna hanyar sakawa kaɗan-kaɗan. Ba a ɗaura shi a tushe. Sai an yi juyi uku ko huɗu da gashin mutum, sannan a cusa siriri tsakanin babban yatsa da ɗan ali, bayan juyi biyu a ƙara wani da ya ɗan fi shi kauri. Nauyin sai ya rarrabu a tsawon zanen maimakon ya rataya a goshi. Ƙa'idar kalaba ma haka take: kada gashin da aka ƙara ya fi wanda ke ɗauke da shi kauri. Yawancin gashin nan zaren roba ne irin Kanekalon, wanda kamfanin Kaneka na Japan ya fara yi a 1957, kuma sabo daga leda yakan sa wasu ƙaiƙayi. Masu sana'ar kan jiƙa shi minti 15 zuwa 20 a ruwa kofi huɗu da ruwan khal kofi ɗaya, a ɗauraye, a shanya ya bushe sarai. Wajen tsoma jela a ruwan zafi don ta rufe, tawul mai kauri a kafaɗa tukuna, wani kuma a hannu na tarar jelar tana fitowa. Ƙunar wuya da ake samu a wurin kitso kusan duk daga nan take.

An tashi wajen ƙarfe ɗaya. Abu na ƙarshe da aka faɗa ya shafi mai shirin 'yar gajeriyar tafiya: a yi kitso kwana biyu kafin a tashi, don idan da inda ya matse a gane a gyara tun ana gida. Kuma a guji shuku mai tudu a tsakiyar kai ko ƙulli a ƙeya, saboda jingina a kujerar jirgi ko mota na awanni zai dame shi, hula ma ba za ta zauna ba.

Da yamma zagayen tsohon gari, a ƙafa. Kayan da suka dace da irin wannan yini ba su da yawa. Riga mai maɓalli a gaba ta auduga, wadda ba sai an zura ta ta kai ta tayar da sabon kitso ba. Wando mai faɗi ko doguwar riga da ta tsaya santimita 3 sama da idon sawu. Wadda ta fi haka tsawo tana sharar ƙasa, ana taka ta a matakala, matakala mai tafiya da kanta kuma na iya cafke bakinta. Lilin ya fi kowane yadi shan iska amma zama ɗaya ya yamutse, don haka wanda aka gauraya da auduga ya fi sauƙin sha'ani. Foliyesta ba ya yamutsewa, yana bushewa da wuri, sai dai yana riƙe warin gumi. Jins kuwa idan ruwan sama ya taɓa shi, da wuya ya bushe kafin safe a ɗakin otal. Launin toka mai haske da shuɗi mai haske su suka fi tona gumi a hamata. Baƙi, fari da mai zane-zane suna rufa asiri. Wando ko siket biyu da riga uku masu shiga da juna sun ba da shiga shida, sun ishi hutun ƙarshen mako har da saura. Abin da mutane ba su cika lura da shi ba shi ne wuyan riga: kwala mai tauri, zif na baya da sarƙa mai ƙananan ƙugiyoyi duk suna cin gashin ƙeya, kafin dare zanen ƙasa ya yi buzu-buzu.

Takalmi shi ne mai yanke hukunci. Titunan tsofaffin unguwanni na duwatsu ne a jere, mai tsini na maƙalewa, mai siririn tafi kuma duk dutsen da aka taka sai an ji shi. Kambas mai kaurin tafi, wanda aka riga aka saba da shi, da sarari kamar faɗin babban yatsa tsakanin dogon yatsan ƙafa da bakin takalmin, tunda ƙafa na kumbura da yamma. Da an ji wani wuri ya fara zafi a dunduniya, a tsaya a manna filasta a lokacin, kafin ya tara ruwa. Taku 10,000 kusan kilomita 7 ne, kuma yinin kallon gari na wuce haka ba a sani ba. Jaka ta ratayawa a ƙirji, zif ɗinta na fuskantar jiki, igiyarta mai faɗi. Siririyar igiya da gorar ruwa mai rabin lita a ciki ta isa ta sa kafaɗa ciwo kafin la'asar. A cire jelar kitso daga ƙarƙashin igiyar, in ba haka ba kowane taku ja ne.

Tsarin zagayen kuwa, manyan wurare biyu a unguwa ɗaya sun isa rabin yini. Yau gidan tarihi aka fara, sannan hasumiyar da ake hango gari daga samanta, aka bar ta sai rana ta yi sanyi, lokacin da haske ya fi kyau a hoto. Tikitin gidan tarihin na lokaci ne, an saya ta intanet, shi ya sa ba a bi layi ba. A riƙa duba ranar hutun wuri kafin a je: gidajen tarihi da yawa Litinin suke rufewa, amma Louvre na Faris da fadar Topkapı ta Istanbul Talata ce tasu. Kuma ana daina shigar da mutane tun kafin lokacin rufewa da aka rubuta. Wuraren ibada da ake buɗe wa baƙi sukan nemi a rufe kafaɗa da gwiwa, wasu har da kai da cire takalmi, don haka gyale mara nauyi da safa mai tsabta su kasance a jaka. Gyalen na da wani amfanin: sabuwar tsaga fata ce a buɗe, rana na ƙona ta, bayan kwana biyu ta fara saɓa a ɗauka amosani ne. A sauke taswira a waya tun akwai intanet, domin a lungunan da gine-gine suka matse sabis na ɗaukewa.

Da dare aikin kai bai wuce minti biyar ba. A goge tsaga da tsumma mai ɗan danshi don cire gumi da ƙura, a ɗiga mai kaɗan a bi layi da yatsa, a ɗaure da ɗankwalin siliki ko satin, ƙullin a gefe, ba kan bakin goshi ba. Rigar filon auduga na tsotse mai tana tayar da gashi. Mai da ruwan feshi a zuba su a kwalabe da ba su wuce mililita 100 ba idan jakar hannu kawai za a shiga jirgi da ita, don yawancin filayen jiragen sama har yanzu wannan ce dokarsu. Zane na gashin mutum mako ɗaya zuwa biyu yake yi da kyansa, kalaba mai ƙari kuma kada ta wuce mako shida zuwa takwas. Ranar tsifa za a ga gashi da yawa a mataji, ba abin tsoro ba ne: sili 50 zuwa 100 ke zubewa kullum, kitso ne ya riƙe su. A taje su fita tas tun kafin ruwa ya taɓa kan, domin idan aka wanke da su a ciki dunƙulewa suke yi a tushe, wani lokaci sai da almakashi.