Daga Kabul zuwa Mazari Sharif ta ramin Salang

Wani ɗan Afganistan da muke hulɗar kasuwanci a Dubai, mai sayar da dardumai da busassun 'ya'yan itace, shi ya yi ta naci sai na je garinsu, Mazari Sharif, na ga inda ake saƙa kayan. Na ce masa idan na faɗa a gida zan tafi Kabul, sai an tara mini dangi. Ya yi dariya, ya ce su ma da sun ji an ambaci Najeriya, Boko Haram ce ke faɗo musu a rai.

Kabul a cikin kwari take, duwatsu sun kewaye ta, gidajen laka sun haye jikinsu har kusa da ƙololuwa. Farar tuta mai kalmar shahada ce ke kaɗawa ko'ina, tun da 'yan Taliban suka sake shiga birnin ranar 15 ga Agusta 2021. Muna cikin mota abokin kasuwancin nawa, wanda shi ne mai masaukina, ya fara ja mini kunne: "Haji Sahib, kada ka ɗauki hoton mace, kada ka ɗauki hoton mai bindiga. Idan kuma ka gaisa da mutum, kada ka tambaye shi matarsa." Wannan ta ƙarshe ita ta fi ba ni wuya, mu da gaisuwa ba ta cika sai an ce ina uwargida, yaya amarya. A can gida gaba ɗaya ake tambaya. Ambaton sunan matar mutum a gaban baƙo abin kunya ne, har a katin biki akan rubuta 'yar wane kawai.

Kafin mu kama hanyar arewa, sai da muka raka ƙaninsa a gyara masa ƙafar roba a cibiyar da ƙungiyar Red Cross ta buɗe a Kabul tun 1988. Yana yaro yana kiwon tumaki ya taka nakiya. A wurin nan na fara ganin yaƙin da idona. Dattawa da samari da ƙananan yara sun yi layi a kan benci, kowa ya naɗe ƙafar wando, wasu sun cire ƙafafun sun jingine a gefe suna hira. Wanda ya auna dungulmin ƙanin nasa da awo, ya shafa wurin da ya yi kanta, da ya miƙe sai na ga shi ma ƙafar roba ce da shi. Kusan duk ma'aikatan wurin haka suke, tsofaffin majinyata ne. Wani Ba'italiye, Alberto Cairo, wanda ya zo ƙasar a 1990, shi ya tsaya a kan wannan tsari.

Nakiyoyin na zamani daban-daban ne. Sojojin Tarayyar Sobiyet sun shigo a Disamba 1979 suka fita a Fabrairu 1989, kuma sun riƙa watsa wasu ƙananan nakiyoyin roba daga sama, masu fuka-fuki biyu, waɗanda yara ke tsinta don a zatonsu abin wasa ne. Daga 1992 zuwa 1996 ƙungiyoyin mujahidai suka juya wa juna bindiga, suka ragargaza yammacin Kabul. Sai Taliban, sai Amurka da ƙawayenta daga Oktoba 2001, shekara ashirin. Kowa ya binne nasa ya tafi. Har yanzu a ƙauyuka za ka ga duwatsu jere da fenti: fari yana nufin an share, ja kuwa kada ka kuskura.

Mun bar Kabul da asuba, muka ratsa filin Shomali mai gonakin inabi, waɗanda aka ƙone a faɗan 1999 aka sake dasawa, muka wuce garin Carikar muka fara hawa dutse. Ramin Salang, hanyar mota da ta huda cikin dutsen, Rashawa suka haƙa shi, aka buɗe a 1964, tsawonsa ya haura kilomita biyu da rabi, a tudun da ya kai wajen mita 3,400. Ciki duhu ne da hayaƙin manyan motoci, ruwa na ɗiga daga sama, ga wani sanyi da ban taɓa ji ba. Ta nan tankokin Sobiyet suka sauko, ta nan suka koma.

Duk shingen da muka tunkara, direba kan kashe waƙa tun daga nesa. Masu tsaron yara ne, gashi har kafaɗa, ido rangaɗau da kwalli, bindigogin Amurka a rataye. Wani ya juya fasfona ya tambaya ko ni Musulmi ne. Da na amsa, ya kira 'yan uwansa su zo su ga jikan Bilal, aka kawo shayi. Bayan mun wuce na tambayi direban wace gwamnati ta fi masa. Ya ce, "Yanzu dai ana bin hanyar nan da dare." Bai ƙara ko kalma ba. Na ɗauka halinsu ne rashin sakin jiki da baƙo, sai mai masaukina ya ce in lissafa: mutumin nan an haife shi zamanin Sarki Zahir Shah da aka tumɓuke a 1973, ya ga Dawud Khan da ya tumɓuke shi, ya ga 'yan gurguzu, ya ga mujahidai, Taliban, jamhuriya, ga Taliban kuma. Kowace ta zo sai ta nemi waɗanda suka yabi ta baya.

Da muka tsaya sallar azahar kusa da Puli Khumri, ina shirin kabbara mai masaukina ya matso ya raɗa mini in yi ƙabalu. Ni da sadalu na tashi, kamar yadda na ga mahaifina yana yi. Amma mutanen nan Hanafawa ne, yawancinsu ba su taɓa ganin Bamalike ba, wanda duk ya saki hannu a wurinsu ɗan Shi'a ne. Kuma wannan ba muhawarar zaure ba ce a ƙasar da 'yan Da'ish suka tayar da bam a masallacin 'yan Shi'a a Kunduz a Oktoba 2021, suka sake a Mazari Sharif a Afrilu 2022. Na kama hannuna. Na zo da tunanin cewa tunda alƙiblarmu ɗaya, rabin fahimtar juna an gama. A sahun nan na rage wannan lissafi.

Mazari Sharif tana da shuɗin masallacinta, inda mutanen garin suka haƙiƙance Sayyidina Ali ke kwance, ko da yake akasarin Musulmi Najaf ta Iraƙi suka sani. Fararen tantabaru sun cika harabar. Amma gidan mai masaukina ya fi tsaya mini a rai. An shimfiɗa ledar cin abinci a ƙasa, yaro ya zagayo da buta da tasa muka wanke hannu, aka kawo shinkafa da naman rago an barbaɗe ta da karas da zabibi, ga gurasa mai tsawon kamu biyu. Koren shayi kuwa, kana shanyewa ana ƙarawa. Maƙwabta suka yi ta shigowa gaishe ni, kowa hannu a ƙirji, har da wanda na tabbata bai ci abincin rana ba, shi ma yana rantsuwa gobe a gidansa zan ci. Wannan karamci ya girmi yaƙin, kuma yaƙin bai ci shi ba.

Matan gidan ban ga ko ɗaya ba, wannan ma daɗaɗɗiyar al'ada ce, ba ta kuma yi mini baƙunta sosai ba. Abin da ba al'adar gidan ba shi ne zaman gida da 'yar mai masaukina ke yi. Ta gama aji shida, kuma tun 2021 an rufe wa 'yan mata sakandare, a Disamba 2022 aka haɗa da jami'a. Kakarta, wadda ta yi makaranta zamanin sarki, ita ke koya mata lissafi a ɗaki. Can da dare ƙaramin ƙaninta ya fito daga cikin gida da saƙo, uban ya fassara mini: wai da gaske ne a Kano mata na karatun likita? Na ce da gaske ne, 'yar yayata ma tana aji huɗu. Yaron ya ruga ciki, ya dawo da wata tambayar: nawa ne kuɗin makarantar a shekara, kuma suna karɓar 'yan wata ƙasa?